Ruwan da Na Zuba Miki a Ka

Likoro,
ranar Laraba.

Zuwa ga 'yata Ladi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki zaune lafiya a cikin jirgi, akwatinki a ƙarƙashin ƙafarki inda idonki ke ganinsa. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ki daga ɓarayin tasha da masu daɗin baki, ya sauke ki Kaduna lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a makarantar koyon jinya.

Na ce wa babanki kada ya miƙa miki takardar nan gobe sai jirgi ya fara motsi, don kada ki karanta a tasha ki dawo gida mu tsaya muna kallon juna. Sau biyu na shiga ɗakinki yau da niyyar in faɗa miki abin da ke cikinta da bakina. Na farko na ɓige da faɗan yadda kika naɗe zannuwa. Na biyu na ɓige da faɗan man shanun da kika ajiye kusa da littattafai. Kin san uwarki, in na buɗe baki faɗa ke riga magana fitowa. Shi ya sa na koma ga alƙalami.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Maganar da kika jefa mini ranar Lahadin jibin Ubangiji, mako uku ke nan, ita nake so in amsa. Kin tsaya a bakin madafa kin ce, "Inna, ke kin ƙi shiga ruwa, ni ma kin hana ni. Shekara shida. Zan tafi garin mutane ba baftisma, ba takardar ikkilisiya, ba teburin da zan ci a kai. Me na yi miki?" Na ce ki rufe mini baki. To, ba ki yi mini kome ba. Ni ce na yi, kuma ba na so ki bar gidan nan kina zaton ƙeta ce kawai.

Zan fara daga nesa, ki yi haƙuri.

Kin san a cocin iyayena na gefen Paki na tashi, inda ake yi wa jariri baftisma tun yana zanen goyo. Ina da mako shida aka yayyafa mini ruwa, ubana yana tsaye yana amsa alkawari a madadina. Ina da shekara goma sha biyar aka ɗora mini hannu aka tabbatar da ni, na fara cin jibi. Na yi makarantar 'yan mata ta mishan, kuma ba littafin da ke kabad ɗinsu da ban karanta ba, har wanda ke koya kiwon zomo. Sai ga babanki, lebura a layin dogo, wanda ya ba da gaskiya a wurin Yarabawa ma'aikatan jirgi, 'yan Baftis, aka nutsar da shi a rafi yana saurayi. Da maganar aure ta taso ubana ya ce, "Saratu, kin tambayi yadda suke yi a cocinsu?" Na ce, "Baba, ai Littafi ɗaya muke karantawa." Na ji daɗin amsar nan ƙwarai. Ina ganin na fi tsohon wayo.

Wata na uku a Likoro aka ce Fasto zai zo daga Zariya ya ba da jibi. A lokacin duk ikkilisiyar ba ta wuce mutum goma sha biyar ba, a rumfar kwano bayan tasha. Cikin matan ba mai tanderu sai ni, sai aka roƙe ni in gasa gurasar. Na sayi alkama mai kyau, na tankaɗe sau biyu, na gasa ta yi laushi. Ranar Lahadi Fasto ya yi sanarwa da Yarabanci, ya maimaita da guntuwar Hausarsa, ya ce masu baftisma su matso gaba. Na matsa gaba. Na tara hannuwana yadda aka koya mini. Dattijon da ke zagawa da faranti ya zo kaina, ya dube ni, ya ɗaga farantin ya wuce da shi ta saman ɗankwalina kamar mai tsallake kwata.

Da na yi shiru da an wuce wurin. Sai na ce, da muryar da har mai sayar da tikiti ya ji, "Baba, gurasar nan da hannun nan na murza ta."

Bayan an tashi Fasto ya kira ni gefe. Tsoho ne mai haƙuri, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce a wurinsu baftisma ta wanda ya ba da gaskiya ce, ya furta da bakinsa, a binne shi cikin ruwa gaba ɗaya a tashe shi. Jariri bai furta kome ba, yayyafi kuma ba binnewa ba ne. Teburin kuwa na ikkilisiyar ne, na waɗanda suka shigo ta wannan ƙofa. Ya ce, "Ba mu ce ke ba 'yar Allah ba ce. Mun ce ba a yi miki baftisma ba tukuna. Ga rafi nan kusa." Na ce, "To abin da ubana ya tsaya a gaban Allah ya yi alkawari a kai fa, wankan jego ne?" Na rantse a ranar cewa ƙafata ba za ta taɓa rafin nan ba, kuma shekara ashirin da biyu ba ta taɓa ba.

Kada ki ɗauka ƙin shiga ruwan nake kira kuskure. Har gobe ina kan bakana: an yi mini baftisma, sau ɗaya ake yi, kuma ba zan tsaya a bakin rafi in ce ubana wasa ya yi ba. Kuskurena shi ne ban tambaya ba kafin in zauna, sa'an nan da aka gaya mini ƙa'ida sai na ji ta a matsayin zagi. Mutumin nan bai zage ni ba. Abin da ya gaskata ya faɗa mini a fuskata, wanda ya fi abin da ni na yi wa mutane daga baya. Saboda haka duk cocin da kika shiga a Kaduna, ki tsaya a ƙofa ki tambayi dattijo, "Wa ke ci a teburinku?" Ba abin kunya ba ne. Ya fi ki tara hannu a gaban jama'a a tsallake ki.

Daga nan na shiga karatun Littafi kamar mai tara duwatsun jifa. Shekara biyu. Na nemo mai tsaron kurkukun nan da aka yi wa baftisma da dukan gidansa, na ce a nuna mini gidan da ba jariri. Babanki ya nemo mutumin Habasha da ya sauka daga karusa ya shiga ruwa, ya ce a nuna masa wanda ke sauka cikin ruwa don a ɗiga masa a goshi. Kullum a kan tuwo. Wata rana Goggo Hassu, maƙwabciyarmu, ta leƙo ta kan zana ta ce, "Ni kam ku Masihiyawa kuna ba ni mamaki. Duk garin nan ba ku cika ashirin ba, har kun rabu biyu a kan yawan ruwa?" Ban yi dariya ba a lokacin. Ki karanta Littafi don ki ji abin da zai ce miki. Ni shekara biyun nan ban ƙaru da kome ba sai saurin buɗe shafi.

Gurasar kuwa ban daina gasawa ba. Da fari don gayya nake yi, in gasa ta yi kyau yadda kowa zai tauna yana tuna wadda aka hana. Daga baya ta zama aikina kawai. Ban san ranar da gayyar ta fita daga cikinta ba.

Yanzu maganar yayanki Ishaku, wanda ba ki sani ba sai a suna. Yana da wata bakwai zawo ya kama shi da damina. Na ce wa babanki ya bar ni in kai shi Paki a yi masa baftisma. Ya ce, "In ya girma zai zaɓa da bakinsa. Allah ba ya riƙe jariri da laifin ruwa." Kwana huɗu yaron ya tafi. Da uwata ta zo gaisuwa ta ja ni gefe ta ce a hankali, "An yi masa?" Na girgiza kai. Ta rufe fuska da mayafi.

Na fito tsakar gida, maza suna zaune a kan tabarmi, na ce wa babanki a gabansu, "Ka aika mini da ɗa wurin Allah ba shaida, kamar akuyar da ba ta da mai ita." Ya rame a watan nan har wandonsa sai da igiya biyu. Shi ma ɗa ya rasa, ni kuwa na mai da shi mai laifi a gaban abokan aikinsa. Yau na san Allah bai tsaya duba goshin Ishaku ba kafin ya karɓe shi. Amma maganar ta riga ta fita, kuma ban taɓa neman gafararta ba sai cikin watan nan. Aikin da za ki koya zai kai ki gaban iyaye a irin wannan rana. Za su faɗi abin da ba shi da kai, za su roƙi abin da ke a wurinki ba shi da amfani. Kada ki yi musu gyara. In kuma ke ce abin ya sama, Allah ya kiyaye, ki kama bakinki kwana uku. Abin da ya rage bayan kwana ukun shi ne maganarki ta gaskiya.

Bayan shekara biyu aka haife ki. Kina da wata biyar ƙyanda ta shigo Likoro da bazara, ta ɗauki yara a unguwar tasha, ta kama ki. Rana ta uku da tsakar rana numfashinki ya canza, ya koma irin wanda na taɓa ji sau ɗaya. Babanki yana kan layi da leburorinsa, a lokacin ya zama heluma. Ba kowa a gidan.

Na ɗauko littafin addu'ata na makaranta daga ƙasan akwati. Akwai shafin da ya ce in rai yana cikin haɗari kuma ba limamin coci kusa, kowane mai bi yana iya yi. Na ɗebo ruwa a randa. Na ɗora ki a cinyata, na kira sunanki, na zuba miki a ka sau uku, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Kika yi atishawa. Na goge kanki da bakin zanena, na mai da littafin, na zubar da sauran ruwan a gindin gwanda.

Ladi, an yi miki baftisma. Ni na yi miki. Abin da na ɓoye ke nan shekara goma sha tara.

Ba na cewa ruwan ne ya warkar da ke, ban haukace ba. Kin warke bayan mako guda kamar yadda wasu yaran suka warke. Kuma ba na nadamar zubawar. A mai da ni ranar nan sau goma, sau goma zan zuba. Ɓoyewar ce kuskure. Na ce zan gaya masa in kin warke. Da kika warke na ce sai ya huce daga gajiya. Sai aka naɗa shi dattijon ikkilisiya, farantin ya koma hannunsa, shi ne ya zama mai tsallake ni duk wata uku. Sai na ce in maganar ta fita za a ce dattijo bai iya riƙe gidansa ba, a karɓe farantin, shi kuma ya dube ni a matsayin wadda ta ci amanarsa a bayan idonsa. Na kulle bakina.

Da kika kai shekara goma sha uku kika zo da murna kika ce kin ba da gaskiya, kina so a nutsar da ke in Fasto ya zo. Ki dubi inda na tsaya. In na bar ki, bisa ga abin da aka koya mini na bar 'yata ta maimaita abin da ba a maimaitawa, ta ce wa Allah aikinsa na farko bai kama ba. In na hana ki da dalili, sai na tona kaina. Sai na zaɓi hanya ta uku, wadda ta fi duka muni.

Shekarar farko na ce akwai tsargiya a rafin. Akwai ta, amma ba ita ta dame ni ba. Ta biyu na tura ki Paki jinyar kakarki, wadda ta fi ni lafiya, kika same ta tana sussukar dawa. Ta uku farin yadin da babanki ya sayo miki na shiga ruwa na yanka shi na ɗinka rigunan matashi, na ce na ɗauka na gida ne. Kin kwana a kansu shekara uku. Ta huɗu na fake da jarrabawa. Daga nan dabara ta ƙare mini, na koma cewa a'a kawai, in kin tambayi dalili in ɗaga murya. Sa'o'inki duk suka shiga suka fito, suka koma bencin gaba. Ke kina gefena a baya, babanki yana wucewa da faranti ba ya iya duban ko ɗayarmu.

Ki ji wannan da kyau. Abin da kika ɓoye wa na kusa da ke ba ya zama a inda kika ajiye shi. Kowace shekara sai ya nemi sabuwar ƙarya, kuma ba a kanki ƙaryar ke sauka ba, a kan wanda bai san kome ba take sauka. In kin yi abu a bayan idon mijinki ko shugabarki a asibiti, ki faɗa kafin rana ta faɗi, tun yana ƙarami.

Ranar da kika yi mini tambayar nan a bakin madafa kika fita, na kasa tuƙa tuwo. Da la'asar na sami babanki a zaure yana ɗinke jar tutarsa ta aiki. Na ce, "Malam, ina da magana."

Ya ce, "Tun azahar kike da ita. Tukwane sun shaida."

Na zauna na faɗa masa duka, ban rage ba. Ina gamawa na sunkuyar da kai ina jiran abin da na yi shekara goma sha tara ina jira. Bai ko ajiye allurar ba. Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Ka san me?"

Ya ce, "Kwanon sha ne mai bakin shuɗi. Sau uku kika zuba. Ta yi atishawa."

Ashe mijin Goggo Hassu ya bi shi har kan layi ya ce masa jikin yarinya ya tsananta. Ya sheƙo a guje, ya iso bayan zana daidai ina buɗe littafin. Ya tsaya ya ga kome. Sa'an nan ya koma waje ya zauna a gindin ɗorawa har na goge miki kai, ya shigo da sallama kamar yanzu ya zo.

Na ce, "Me ya hana ka magana?"

Ya ce, "Me zan ce, Saratu? Uwa ta jiƙa kan 'yarta mai zazzaɓi. A wurina ruwa ne."

Na miƙe tsaye. Na ce, "Ruwa ne! Shekara goma sha tara ina yawo da dutse a ƙirji, kai kuwa kana ganin wankin kai na yi mata?"

Ya ce, "To da kin fi so in ce baftisma ce in yi fushi?"

Sai ya ajiye tutar ya ce, "Bayan Ishaku, ko kogin Kaduna kika ce za ki kai ta ba zan tare ki ba. Na ma ce amin daga bayan zanan. A hankali dai, don kada dattawa su ji."

Ban san lokacin da na fara dariya ba, ina yi hawaye na zuba. Abin da ya fi ba ni haushi a koyarwarsu, cewa baftismar jariri ba kome ba ce, shi ne ya sa mutumin nan bai taɓa riƙe ni da laifi ba. Har yanzu in na tuna sai in ji kamar in jefe shi da muciya. Amma na koma na tuƙa tuwon, na ci malmala biyu a ranar, na ji iska tana shiga ƙirjina har ƙasa.

Kada ki ɗauka na wanke shi. Na ce masa, "Kana sane, ka bar ni ina yi wa yarinya ƙarya shekara shida?" Ya ce ya ɗauka bana zan faɗa, in bana ta wuce ya ce baɗi, ba ya so ya kunyata ni. Na ce kunyar kwana ɗaya ta fi abin da muka yi miki. Ya yarda. Babanki mutumin kirki ne, amma shirunsa ya ci shekarunki kamar yadda ƙaryata ta ci. In Allah ya ba ki miji mai haƙuri, ki gode, amma ki riƙa tambayarsa abin da ya sani. Masu haƙuri suna iya zama a kan magana har ta ruɓe.

Washegari na tare Faston yanzu a tasha kafin jirginsa. Na faɗa masa abin da na yi, na ce in an nutsar da ke, maimaitawa ce ko ba maimaitawa ba? Ya ce, "Mama, mu ma ba mu maimaita baftisma. A wurinmu ba a yi ta farko ba. In Ladi ta furta da bakinta, ranar nan ce ta farkonta." Na ce farantin mijina fa? Ya yi dariya ya ce ba wanda zai karɓi faranti don abin da uwa ta yi da kwanon sha. Na so in ce masa ya iya bakinsa a kan kwanon nan, sai jirgi ya iso.

Tafiyar da na yi Paki makon jiya kuwa ba gaisuwa kaɗai ta kai ni ba. Na je wurin Kawu Istifanus, ƙanen ubana, wanda ya gaje shi a aikin koyarwa a cocinmu na can. Ya sa na maimaita masa kalmomin da na faɗa a kanki ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ta yi. Baftisma ce cikakkiya. In tana so a rubuta sunanta, a tabbatar da ita, ta ci jibi a kowane cocinmu." Na ce in kuma ta zaɓi rafi fa, ta yi zunubi? Ya ce, "Ni da hannuna ba zan nutsar da ita ba. Amma yarinyar da ke neman Ubangiji da gaskiya, ban ga yadda zai kore ta don iyayenta sun kasa shiryawa a kan ruwa ba."

Kin gani, ba su yarda da juna ba, kuma ba za su yarda ba ko bayan mun mutu. Na daina jiran ranar.

A hanyar dawowa, da na ga duk abin da nake fakewa da shi ya rushe, sai na tarar da sauran abu ɗaya a ƙasa, wanda ya fi wuyar rubutawa. Ba tsoron Allah kaɗai ya sa na riƙe ki ba, ba kuma farantin babanki ba. Kafin ki girma ni kaɗai ke zama a baya ranar jibi. Da kika fara zama kusa da ni, kafaɗarki tana taɓa tawa, sai na ji mu biyu ne. Ban so ki tashi ki koma gaba ki bar ni ba. Na riƙe 'yata da yunwa don kada in ji yunwa ni kaɗai. Wannan ba shi da wani suna sai son kai, kuma a kansa nake roƙonki gafara, fiye da yadin, fiye da tafiyar Paki.

To ga inda maganar ta tsaya. Kin ce ba ki da teburi. Kina da biyu, ni ce na tsaya a gabansu. In kin ɗauki abin da na zuba miki a matsayin baftisma, ki nemi cocin irin na iyayena a Kaduna, ki rubuta wa Kawu, zai aiko da shaida. In kuma zuciyarki tana kan abin da kika roƙa tun kina shekara goma sha uku, babanki ya rubuta wa Faston Baftis na can, takardar tana cikin akwatinki a ƙarƙashin baƙin zane, tare da farin yadi kamu shida. Ni na sayo shi, kuma ban taɓa shi da almakashi ba. Kada ki zaɓa don ki faranta mini, kada kuma ki zaɓa don ki rama. Ki zauna ke da Ubangijinki ki yanke.

In kin zaɓi na iyayena, kada in ji kin raina babanki da mutanensa. Mutanen da suka iya duban matar da ta gasa musu gurasa su ce mata a'a don abin da suka gaskata, ba mutanen wasa ba ne. In kin zaɓi nasu, ki kiyaye ƙa'idarsu, kada ki riƙa gutsuro wa kowa gurasar jibi a ɓoye don tausayi. Amma duk ranar da kika ga an tsallake wata baƙuwa, kada ki bar ta ta fita ita kaɗai. Ki riske ta a ƙofa, ki tambayi sunanta, ki kai ta ɗakinki ta ci abinci. Da an yi mini haka a rumfar nan ranar farko, da rabin takardar nan ban rubuta ba.

Ni dai kada ki sa rai. Ba zan shiga ba, kuma zan ci gaba da gasa musu gurasa har hannuna ya gaza. Amma in kin tsai da ranar shiga ruwa, ki aiko mini da wuri. Zan hau jirgi in zo. Zan tsaya a bakin kogin, wataƙila ina gunaguni, kada ki kula, ni zan riƙe miki busasshen zane. Kuma ki toshe hancinki da kyau kafin a kwantar da ke. Babanki bai toshe nasa ba, tsofaffin ma'aikatan tasha har yau suna kwaikwayon yadda ya fito.

Allah ya tsare fitarki da shigarki. Ya kiyaye ki daga cuta a ɗakin masu cuta, ya sa albarka a hannunki, ya ba ki haƙurin babanki ba tare da shirunsa ba. Ya raba ki da sharrin hanya da na gari, ya dawo mana da ke lafiya. Ki gai da matar da za ki sauka a wurinta, ki ce na gode. Ki rubuto da zarar kin isa, ko da fushi ne, zan karanta.

Ni ce uwarki,
Saratu.